Shuɗin Hannun Anaruwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa izinin yawo, ya ɗaga sama ya hana hannu kaiwa gare ta. Ni ne Anaruwa ɗan Bagudu, wanda ya bar gida da baƙin gashi ya dawo da furfura, ya fita da hannuwa launi ɗaya ya dawo da launi biyu. Kun daɗe kuna satar kallon hannuna na dama in muna cin tuwo, kuna tsammanin ban lura ba. Na lura sarai. To yau ga shi nan, ku kalla ku more. Shuɗi ne tun daga yatsu har wuyan hannu, shekara talatin da ɗaya ke nan, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Zan ba ku labarinsa daga tushe, amma kada kowa ya katse ni.

Ubana marini ne mai gaskiya, sai dai rininsa ba ya wuce damina uku sai ya koɗe. Wata rana wani falke ya sauka a gidanmu da rawani baƙi wuluk yana ƙyalli. Ya ce na kakansa ne, an rina shi a wani birni da ake kira Dumau, can bayan inda sanin fatake ya ƙare. Ubana ya kama bakin rawanin nan ya daɗe yana shafawa. Ni kuwa shafawar nan ta tsaya mini a rai. Ruwa na ɗaukewa na ɗaure kayana, na ce ba zan dawo ba sai da sirrin rinin da ba ya koɗewa.

Na yi tafiya, na yi tafiya. Na ƙetare kogin da ke hawa tudu da safe ya gangaro da yamma. Na ratsa dajin da shamuwarsa ta kai raƙumi tsayi, in ta buɗe fiffike ayari guda ya sha inuwa. Amma inda na fi shan wahala shi ne garin masu son baƙi. Al'adarsu, baƙo ba ya tafiya sai takalminsa ya huje, kuma don kada ya huje, ba sa barinsa ya taka ƙasa. A kafaɗa suke yawo da shi, daga wannan gida zuwa wancan, ana ɗura masa fura da nama. Wata biyu na yi a wuyan mutane, na yi ƙiba har wandona ya ƙi ni. Da na ga zan mutu a can da ƙoshi, sai na ce wa uwar ɗakina ina sha'awar koyon niƙa. Kullum in ta juya baya sai in goga takalmana a dutsen niƙan. Kwana tara suka huje. Suka rako ni bakin gari suna kuka, ni ma ina kuka, amma ina sauri.

A wata na goma sha ɗaya na hango Dumau. Birni ne a gaɓar gabas ta wani tafki mai faɗin yini biyu a kwalekwale, a gaɓar yamma kuma akwai mutanen da ake kira 'yan Tsallake, masunta ne masu dafa gishiri. A tsakiyar tafkin akwai abin da ban taɓa gani ba: tsibiri mai tafiya. Da damina yakan matso ya jingina da gaɓar Dumau, da rani ya lallaɓa ya koma Tsallake. Ɗan Gantali suke ce masa, cikin so. A kansa kaɗai ganyen shunin nan ke fitowa, a ƙarƙashinsa kuma kifi ke ƙwai. Dumau ta ɗebi ganye wata shida, Tsallake ta kama kifi wata shida, haka aka taso aka tarar.

Babban marinin birnin wani tsoho ne, Malam Tunau, siriri, mai magana a hankali, hannuwansa biyu shuɗaye har gwiwar hannu. Matarsa Inna Tasalla kuwa gajeruwa ce mai faɗi, in ta yi magana a tsakar gida ana ji a kasuwa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

Malam Tunau ya ce, "Za ka daka ganye, ka ɗauko toka, ka motsa karofi da sanda. Amma hannunka ba zai taɓa ruwan rini ba sai ka shekara uku."

Na ce, "Shekara uku, Malam?"

Inna Tasalla ta ce, "Ka gode wa Allah, ɗan nan. Ni shekara arba'in ina gidan nan, ko tsumma bai bari na tsoma ba. Zo ka ci abinci, ji wuyanka kamar na zakara."

Karofi, in akwai wanda bai sani ba a cikinku, shi ne ramin da ake jiƙa shuni a rina tufafi. Na zauna da su kamar ɗan da suka haifa, don ba su da ɗa. A watana na huɗu Malam ya nuna mini wani abu. Ya ɗauko wani tsohon rinannen zane da ya yi fari fat don tsufa, ya ɗebo laka daga ƙasan karofi wadda ya ƙona ta zama toka, ya jiƙa, ya tsoma zanen ya shanya. Da farko ba komai. Can iska ta buga shi sai ya yi kore-kore, kafin in gama mamaki ya koma shuɗi kamar yau aka rina.

Ya ce, "Shunin Dumau ba ya fita, barci kawai yake yi. Wannan tokar ke tashinsa. In ta tashe shi sau ɗaya kuma, ba ya sake kwanciya." Ya zuba sauran tokar a wani tulu ya ajiye bayan rumbu, ya ce kada in taɓa.

Yanzu ku ji al'adarsu ta yaƙi. A Dumau sarki ba ya kiran yaƙi, sarauta tasu ta raba gardamar gona ce kawai. In ana son yaƙi, sai a haɗa karofi na musamman a dandali, duk baligin da ya yarda, namiji ko mace, ya zo ya tsoma hannun dama har wuya. In shuɗayen hannuwa suka fi farare yawa, an kira yaƙi. Kakanninsu sun tsara haka ne don kada wani ya ce daga baya ba ya nan aka yi.

Wanda ya tayar da maganar shi ne Korau, Magajin Dandali, sa'an Malam Tunau ne kuma amininsa, tare aka yi musu kaciya. Kada ku zaci mugu ne. Wallahi mutum ne mai kyauta, mai dariya, in ya ga yaro yana kuka sai ya tsaya. Sai dai Allah ya ba shi baki, in ya fara magana shi kansa ba ya iya tsayar da ita. A shekarata ta farko Ɗan Gantali ya yi saurin tafiya da kwana ashirin, ganye bai isa ba, sai Korau ya hau kan turmi a dandali.

Ya ce, "Jama'ar Dumau! Har yaushe za mu riƙa jiran tsibirinmu kamar masu jiran baƙo? 'Yan Tsallake ne ke jan sa da waƙoƙinsu! Mu ƙera sarƙa, mu ɗaure shi a gaɓarmu, ganye rani da damina! In sun hana, kwana uku ya ishe mu. Ku ɗauki guzurin kwana uku, wanda ya ɗauki na huɗu ya raina mu!"

Dandali ya ɗauka da sowa. Aka ce Malam Tunau ya haɗa karofin yaƙi, ya haɗa. Ranar tsomawa ya tashi ya ce, "Ni dai ban yarda ba. Abin da Allah ya yi shi yana tafiya, ban ga dalilin ɗaure shi ba." Aka yi masa dariya. Korau ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tsoho, kai hannunka ya riga ya yarda tun kana yaro." Aka sake fashewa. Malam ya ɗauki tabarmarsa ya zauna ya juya wa karofin baya, bai waiwayo ba har aka gama.

Ni fa? To, ga inda labarin ya zo kaina. Wata takwas ina motsa ruwan nan da sanda, raina yana biyawa in ji yadda yake a fata. Ga kalangu, ga guɗa, ga 'yan mata suna kallo. Korau ya hango ni ya ce, "Ga baƙo ma, wanda ya ga duniya! Anaruwa, a ƙasashen da ka bi, ka taɓa ganin masu tsibiri suna roƙon tsibirinsu?" Ni da ban taɓa ganin tsibiri ba sai nasu, na buɗe baki na ce, "Ban taɓa gani ba!" Na nannaɗe hannun riga na tsoma. Ruwan da sanyi. Aka ɗaga ni sama ana juyi da ni, na ji kamar ni ne wani abu. Da na koma gida na naɗe hannun da tsumma na ce taɓarya ce ta buge ni. Malam ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara tambaya ba.

Kwana ukun Korau ya zama wata bakwai. Ni ba a ba ni mashi ba, tuƙin kwalekwalen abinci aka sa ni, amma na ga abin da ba na son faɗa ana shirin cin tuwo. Kuma abin da zai ba ku mamaki, Dumau ce ta ci yaƙin. Aka kori 'yan Tsallake daga ruwa, aka kafa turaku na ƙarfe, mutum ɗari bakwai suka ja sarƙa aka ɗaure Ɗan Gantali a gaɓar gabas. Mutum sittin da uku ba su dawo ba. A cikinsu har da Ranau, ɗan Korau guda ɗaya tilo, wanda aka yi wa baiko kafin a fita.

Ba a yi wata uku ba tsibirin ya fara ciwo. Ganyen shuni ya yi rawaya ya zube. Kifi ya watse. Ruwan da ke kewaye da shi ya yi wari. Matasan marina suka bar sana'a don babu abin rini, ya rage Malam kaɗai yana lallaɓa tsohon ganyen da ya ɓoye. 'Yan Tsallake kuma suka hana gishiri, miya a Dumau ta koma kamar ruwan wanki.

Sai lemon tsami ya ɓace a kasuwa. Da farko ban gane ba. Ashe kowa saye yake yana shiga bayan ɗaki da yashi yana dirzar hannu. Shunin da ma ya fara dushewa, dirza ta ƙarasa shi. Kada ku dube ni haka, ni ma na dirza, har fata ta ɗaye. Kafin rani ya raba, duk hannun da aka tsoma a dandali ya koma fari. Ka zauna a inuwa sai ka ji wani yana cewa, "Ni fa tun farko raina bai kwanta ba." Wani ya ce, "Ai ni ranar ina gona." Wanda na gani da idona yana rawa a bakin karofi ya rantse mini zazzaɓi ne ya kwantar da shi ranar. Birnin da ya cika dandali har kan katanga, aka wayi gari kowa yana gona.

Wanda ya fi kowa zafi a kan yaƙin kuwa Korau ne. Ya rame, ya bar dariya. Ya sake hawa turmin nan ya ce, "Wa ya jefa mu a wannan masifa? Wa ya cinye mana 'ya'ya? Ni na ce a ɗaure tsibiri, ban ce a zubar da jini ba! An karkatar da maganata!" Yana faɗa yana hawaye, kuma hawayen gaske ne. Na tsaya ina kallonsa, ga haushi ga tausayi.

Ana haka sai saƙo ya zo daga Tsallake. Suka ce za su buɗe hanyar gishiri a yi sulhu, da sharaɗi ɗaya: a ba su mutumin da ya kira yaƙin, ya je ya zauna a cikinsu yana ɗebo wa matan da aka kashe wa maza ruwa har ya mutu, a binne shi a can. Shi kaɗai, ba mata, ba ɗa. Jakadiyarsu za ta zo ɗaukarsa ranar kasuwa ta biyu.

Aka taru a dandali. Dattawa suka ce al'ada a fili take, mai shuɗin hannu shi ya kira yaƙi, kowa ya ɗaga hannunsa. Hannuwa suka tashi farare tas, har da nawa. Sai hannu biyu kawai, na Malam Tunau, shuɗaye har gwiwa.

Wani daga baya ya ce, "To ai shi ya haɗa karofin ma." Wani ya ce, "Ƙwarai kuwa." Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya dubi Malam a ido. Korau ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Ni kuma, Anaruwa, mai bakin ba da labari, harshena ya manne.

Malam Tunau ya dubi hannuwansa ya ce, "To. In tafiyata za ta dawo da gishiri, na tafi."

A gida Inna Tasalla ta kusa tsaga rufin ɗaki. "Malam, kai kaɗai ka ce a'a! Kai kaɗai! Ka buɗe baki ka kira sunansu ɗaya bayan ɗaya!"

Ya ce, "Sunan wa zan kira? Baya na juya, ban ga kowa ba."

"To tulun bayan rumbu fa? Ka zaci ban san aikinsa ba?"

Ya ce, "Tasalla, mutanen nan ni na rina zanen aurensu, ni na rina zanen goyon 'ya'yansu. Korau ya binne ɗansa. In tona masa asiri a gaban jama'a, in sa masa tabon da ba ya fita? Ba zan iya ba. Shekarata saba'in, ruwa ne zan ɗebo, ba dutse ba."

Ta ce, "Ni kuma fa? In ka mutu a can wa zai gaya mini?" Ta faɗa ƙasa-ƙasa, ta shige ɗaki. Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba sai ranar.

A Dumau in za a raba mutum da gari, sai duk gari ya ci tuwon sallama a ƙofar gidansa, matar gidan ce ke ba da ruwan wanke hannu. Ranar da jakadiya za ta zo, da hantsi, ina daka a bayan gida, Inna ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ɗan nan, ya sauya wa tulun wuri. Kai ka san inda ya kai shi."

Na ce, "Inna, ya hana ni taɓawa."

Ta ce, "Na sani. Na kuma san ba taɓarya ce ta buge ka ba. Ina tsaye aka ɗaga ka sama kana washe baki." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, "Ba zan tilasta maka ba. In ka kawo, kai ma naka zai fito, kuma da shi za ka koma wa ubanka. Ka yi tunani." Ta juya ta tafi.

Na yi tunanin kuwa. Na ce a raina ni baƙo ne, ba garinmu ba ne, ina iya ɗaure kayana in bi hanya. Na ce ina iya kawo tulun in sake naɗe hannu da tsumma. Sai na hango Malam a bakin karofinsa yana ninke rigunansa biyu, yana gaya wa maƙwabci yadda za a riƙa ba akuyarsa dusa. Na ajiye taɓarya, na hau rumbun dawa na sauko da tulun. Muka juye shi a randuna goma sha biyu na ruwan wanke hannu, muka motsa.

Da azahar gari ya hallara, tabarmi har bakin kasuwa. Ni na fara miƙa hannu, Inna ta zuba mini, muka haɗa ido. Daga nan mata suka zaga da butoci, kowa ya wanke. Aka kawo tuwon shinkafa fari sol. Korau yana kusa da Malam a akushi ɗaya, ya kasa kai loma.

Iskar tafki ta taso. Na dubi hannuna, ya yi kore-kore. Wani a gefena ya ce, "Kai, me ke cikin miyar nan?" Kafin ya rufe baki nasa ya rine. Sai ka ga shuɗi yana bin layi, tabarma bayan tabarma, hannu a cikin farin tuwo. Mai zazzaɓin nan ya cusa nasa a hammata. Wani dattijo ya koma ci da hagu kamar da ma haka yake ci. Wata mata ta zauna a kan nata. Akuyar Malam ta yi kuka.

Malam ya miƙe, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Tasalla! Me na ce miki?"

Ta ajiye buta ta ɗaga hannunta na dama. Shuɗi ne har wuya.

Ya ce, "Har ke?"

Ta ce, "Har ni. Matan Tsallake sun taɓa yi mini dariya a kasuwar kifi, na ce bari su gani. Lallen da na yi ta ƙunsawa wata biyar, ka zaci kwalliya nake maka?"

Ya ce, "Wallahi na zaci kwalliya ce."

Wani ya ƙyalƙyale, wani ya kama, dariya ta zagaye wurin, irin wadda ke fita tare da hawaye. Korau kaɗai bai yi ba. Ya ɗaga hannunsa yana juya shi kamar na wani. Can ya ce, "Tunau, na rantse maka na manta. Na yi ta faɗin ban ce a yi yaƙi ba har na yarda da kaina." Ya ƙara da cewa, "Ni na fara tsomawa. Ranau yana bayana. Ya ga na tsoma ne ya tsoma." Sai ya kifa fuska a kafaɗar Malam yana kuka kamar yaro. Malam ya riƙe shi yana cewa, "Ya isa, Korau. Ya isa, ɗan'uwana."

Da ya lafa, Malam ya juyo ga jama'a ya ce, "Kada kowa ya mai da ni waliyyi. Ban tsoma ba, gaskiya ne. Amma kwana bakwai ina haɗa karofin nan. Da na rage toka kaɗan da ya lalace, sai an jira wata guda, wataƙila da zukata sun huce. Na san haka a lokacin. Kunya ce ta hana ni, kada a ce rinin Tunau ya ƙi kamawa. Ban taɓa haɗa karofi mai kyau kamarsa ba."

Muna nan sai aka ce ga kwalekwalen Tsallake. Jakadiyar wata tsohuwa ce baƙa doguwa, Magajiya Cima, ita ke tuƙa kanta. Ta hau gaɓa ta ce, "Ina mutumin?"

Korau ya share fuska ya fita ya ɗaga hannu. Inna Tasalla ta bi shi. Na bi ta. Sai na ji motsi a bayana, na waiwaya, gari ne gaba ɗaya, har mai ci da hagu.

Magajiya Cima ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Ta ce, "Kwalekwalena na mutum ɗaya ne." Sannan ta ce, "Mu tamanin da ɗaya muka binne, biyu nawa ne. A wurinmu ma akwai waɗanda suka yi ta ihu a fito a gamu da ku a ruwa, alhali ana iya aiko muku da dattawa. Yau ka tambaye su, duk suna wajen dafa gishiri ranar. Ina ma muna da irin ramin nan naku."

Korau ya ce, "Ni za ki ɗauka, Magajiya. Bakina ne ya fara."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai tulu nawa za ka iya ɗauka? Me zan yi da tsoho mai kuka?" Ta nuna tafki da sandar tuƙinta. "Hannu nawa suka ɗaure wancan?"

Aka ce ɗari bakwai.

Ta ce, "To ga su nan na gani, ba sai an nemo su ba. Ku je ku kwance. Ban ce na yafe ba, wannan ba nawa ba ne ni kaɗai. Amma ku kwance, in ya so a yi maganar gishiri."

Kwana uku muna cire turaku, hannuwa suka yi kanta suka fashe. Sarƙa ta faɗi, Ɗan Gantali bai motsa ba. Kwana ɗaya, kwana biyar, shiru, har muka ce mun kashe shi. Kullum Korau yana zaune a gaɓa yana masa magana kamar mai lallashin jaki. A rana ta tara ya shigo gari da gudu, rawani a hannu, yana ihu, "Ya matsa! Taku ɗaya, amma ya matsa!" Inna Tasalla ta ce, "Yau dai bakin nan ya kawo abin kirki." Daminar da ta biyo ganye ya fito kaɗan, ta bayanta ya fi. Shi kuwa Korau, ba wanda ya sa shi, duk rani sai ya bi tsibirin zuwa Tsallake ya yi wata guda yana ɗebo wa matan da aka kashe wa maza ruwa, rabin tulu rabin tulu.

Na cika shekara ukuna. Ranar da Malam ya ce in tsoma hannu a karofi, sai ya ƙara da cewa, "Na hagu. Na dama ya riga ya shiga ba sallama." Ya koya mini duk abin da ya sani, Inna ta cika mini jaka da dambun kifi tana faɗa tana share ido, wai na cika ci, gara in tafi.

Na iske ubana da rai, amma idonsa ya yi rauni. Na zube masa ganye da toka da duk sirrin Dumau a gabansa. Bai ko dube su ba. Hannuna ya kama ya kai kusa da fuskarsa, ya daɗe yana shafawa, kamar yadda ya shafa rawanin falken nan.

Ya ce, "Wannan ba zai koɗe ba. Wa ya rina maka?"

Na ce, "Ni na rina da kaina, Baba."

Ya ce, "To zauna ka gaya mini." Na gaya masa kamar yadda na gaya muku, ban rage komai ba, har washe bakin.

Nan tafiyata ta tsaya, nan hikayata ta sauke kaya. Abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku yafe. Tuwo yana hucewa, ga buta nan, ku wanke hannu. A'a, me kuke jira? Ruwan rijiya ne.